Masarar Hajiya da Yayen Nana

Jama'a, na karanta sharhinku na makon jiya. Wadda ta ce in ajiye yarinya a gida in je in yi karatuna hankali kwance, na gode, amma da gani ba ki taɓa haihuwa ba. Shi kuma wanda ya biyo ni ta saƙo yana tambayar farashin waken suya, Allah ya shirye ka. Kai da Babana halinku ɗaya, yanzu za ka ji dalili.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Mansura, 'yar Faskari ce ni, shekarata ashirin da huɗu. Mijina Abdulgafar ya rasu ina da cikin wata bakwai. Da na haihu aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyarsa, Hajiya Lauratu, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Nana muke ce mata. Watanta ashirin da ɗaya yanzu, haƙoranta goma sha shida, kuma duk ta gwada su a jikina.

Karatu nake yi a jami'a, amma kada ku ɗauka na yi nisa. Lissafi ya kayar da ni a jarabawar shiga, shi ya sa ba a ba ni aji ɗaya kai tsaye ba, sai an yi shekarar share fage tukuna. Lissafi, Turanci, da gabatarwar tattalin arziki. In ka ci, ka wuce sashen tattalin arziki da harkar kuɗi. In ka faɗi, ka naɗe katifarka. Ɗaki ɗaya na kama a bayan makaranta, katifa, ƙaramin gas, bokiti biyu da igiyar shanya. Nana a bayana take shiga aji, kujerar kusa da ƙofa ce tawa, don in ta fara waƙa mu fice ba tare da an roƙe mu ba. Ni ba burin zama minista nake ba. So nake ranar da za a sa yarinyar nan makaranta, kada in tsaya jiran wani kawu ya tuna da ita.

To, na gama zangon farko na dawo gida hutu. A nan masifar ta fara.

Kwana biyu da dawowata, da hantsi, ina wanke wa Nana kaya a tsakar gida, Baba ya fito daga ɗakin Inna riƙe da littafina. Babana Malam Rabo manomi ne, masara yake nomawa ya ajiye, kuma tun da nake ban taɓa ganin ya buɗe littafin boko ba.

"Mansura, wannan almakashin fa?"

Zanen da aka fara koya mana ne, layi biyu da suka gitta juna. Na share hannuna a zani na matso.

"Baba, wannan layin masu son saye ne, wannan kuma masu sayarwa. Inda suka haɗu, nan ne farashi."

Ya kawo littafin kusa da ido. "Watau nan ake ganin farashi."

"Eh Baba, amma dai..."

"Tun ba a je kasuwa ba."

"A'a Baba, misali ne kawai, ai..."

"Allahu akbar," in ji shi. Ya yage shafin a hankali, ya ninke, ya sa a aljihun gaba kusa da carbi, ya fita.

Kafin la'asar duk majalisarsu ta ji cewa ɗiyar Malam Rabo tana ganin farashi kafin ya zo. Washegari mata suka fara sallama. Wannan ta ce gyaɗarta tiya goma sha biyu ce, ta sayar ko ta jira? Waccan ta ce ragonta fa, yanzu ko sai Babbar Sallah? Wata tsohuwa ta zo da ƙwan zabi biyar a ƙoƙo ta ajiye gabana, ta rufe ido ta buɗe tafin hannu, tana jiran in fara. Na rantse mata wata huɗu kacal na yi, har yanzu lissafin ma da ƙyar nake bi. Ta ce ai masu ilmi na gaskiya haka suke, ba sa son a sani. Ta bar ƙwan. Nana ta ci biyu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan Mas'ud.

Mas'ud ɗan Ƙanƙara ne, hatsi yake saye da sayarwa tsakanin Sheme da Dandume. Shekararsa talatin da ɗaya bai taɓa aure ba, wai kasuwa ce ba ta ba shi fili ba. Sau uku ya zo wajena zance. Shadda mai kyau yake sawa, an goge ta har tana ɗaukar ido, amma in ka duba takalminsa sai ka ga garin masara a bakin ɗinki. Ba ya zuwa hannu banza, kuma ba turare yake kawo mini ba, biskit da madara yake kawo wa Nana. Wannan kam ya taɓa ni, ba zan ɓoye muku ba.

Matsalar saƙonninsa ne. Ga na ranar Litinin, ƙarfe bakwai na safe:

"Assalamu alaikum Maman Nana. Kin tashi lafiya? Ya ɗiyata? Allah ya sa zafin nan bai dame ta ba. Af, a ganinki masara za ta ƙara tashi kafin damina?"

Ga na Talata:

"Barka da asuba ranki ya daɗe. Jiya na tuna ki a hanyar Funtuwa. Dawa fa?"

Na Laraba ma bai yi sallama mai tsawo ba. Hoton fure ya turo, ƙarƙashinsa ya rubuta, "Fara ko ja, wacce za ta fi?" Na ɗauka furen yake nufi, har na fara murmushi. Sai ga wani saƙon: "Masarar nake nufi."

Ku gaya mini don Allah, ni yake nema ko almakashin?

Inna kuwa ta sa ni gaba. "Ki ba yaron nan amsa mana. Mutum ya yi ta sintiri tun daga Ƙanƙara."

"Inna, amsar masara ko ta aure?"

"Duk wadda ya fara tambaya."

"Ai ta auren bai tambaya ba."

"To ki ba shi ta masarar, sauran za ta biyo baya."

Ina cikin wannan sai waya ta zo daga Damari, garin su Abdulgafar. Hajiya Lauratu ce. Ba ni ta kira ba, Inna ta kira, kuma maganar ba ta kai minti biyu ba. Lokacin yaye ya yi, a kai mata jikarta ranar Alhamis.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce mene ne a ciki. A wajenmu kaka ce ke yaye. A kai mata yaro ya kwana biyu ya manta nono, a dawo da shi. Haka ake faɗa da baki. Amma in ɗan fari ne, kwana biyun ba ya ƙarewa. Yayana Salihu yaye aka kai shi Tafoki wajen kakarmu, bai dawo ba sai da gemu. Har yau Yaya yake ce wa Inna, ita kuma ko sunansa ba ta kira, sai dai "wancan". Kuma uwa ba ta da bakin magana, don ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a ɗaukarsa gaban manya, ba a yabonsa, balle a buɗe baki a ce ana sonsa. Wadda ta yi haka sai a yi shekara ana ba da labarinta a gidan biki.

Na samu Inna tana ninke kayan Nana cikin jakar leda mai zif. Har da 'yar rigar atamfa ruwan goro da na ɗinka mata da hannuna.

"Inna, kaya da yawa haka, na kwana biyu?"

Ba ta ɗago ba. "Yara suna ɓata kaya."

"Har da takalmin da bai yi mata ba tukuna?"

"Mansura." Ta ja zif ɗin. "Ni ma na kai nawa. Ban mutu ba."

Na ɗauki Nana na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi ta shinshinar wuyanta har ta gaji ta cije ni.

Da Mas'ud ya ji za a yi tafiya, ya ce shi zai kai mu. Baba ya yi jim. Ta yaya za a shiga gidan mamaci da mai neman matarsa? Daga ƙarshe ya ce, "In an tambaya, kai direba ne." Mas'ud ya ce ya ji. Ranar Alhamis ya zo da sassafe, ya bar shaddar a gida, ya sa wata tsohuwar riga da hular sanyi a cikin wannan zafin, wai don ya fi kama da direba. Muka kama hanyar Sabuwa da wuri, shi da ni da Baba da Nana, don kun san hanyarmu, gara a je a dawo rana na sama.

Tun da na bar gidan Damari bayan arba'in ɗin haihuwa ban sake kwana a cikinsa ba. Yana nan yadda yake, rumfar kara, turmi a kife, randa biyu ƙarƙashin dalbejiya. Ɗakina na amarci yana gefen hagu da kwaɗo a ƙofar. Na kawar da kai.

Hajiya na zaune a kan darduma, doguwa, siririya, carbi a hannu, tabarau a goshi. Aka ajiye wa Baba kujera ya shigo gaisuwa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lafiya lau. Ina ƙawata? Zo nan, ƙawata, zo ki ga tsohuwa."

Nana ta ƙanƙame hijabina. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina kallon gefe kamar ba ruwana. Hajiya ta ɗora ta a cinya, ta juya ta, ta matsa damtsenta kamar mai sayen akuya.

"Malam Rabo, dubi yarinya. Duk ta zama wuya. An maida mani jika jakar makaranta, a rataya a shiga aji, a rataya a fito." Ta juyo gare ni. "Wai ke, mi ake koya maki can da har ake jan marainiya cikin rana?"

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Na ga hannunsa ya nufi aljihun gaba.

"Hajiya, ai ba ƙaramin karatu ba ne." Ya warware takardar, ta yi laushi saboda yawan nunawa. "Kin ga almakashin nan? Da shi take ganin farashi tun bai zo ba. Duk Faskari wajenta ake zuwa."

Hajiya ta sauke tabarau ta duba. A kife ta riƙe takardar, amma ba wanda ya isa ya gaya mata.

"To madalla," in ji ta. "Ni ma ina da tambaya. Masarar gonar marigayi tana nan, buhu talatin, tun kaka na hana a taɓa. Kullum ƙannenshi na damuna in saida, ni kuma na ce sai ta tashi. Ki faɗa mani, in saida ko in riƙe? In karatun na da amfani, yau mu gani, sai in san ba banza ake wahalar da ƙawata ba. In babu, ki tafi ke kaɗai ki ƙarasa abinki, ki bar mani ita."

Jama'a, shaiɗan ya zo mini a lokacin, ya zauna daf da kunnena. Ya ce ki ce ta riƙe. Ki zana mata layi biyu a ƙasa ki ce za ta tashi a watan bakwai. Kafin watan bakwai kin gama share fage, yarinyarki na hannunki. Wa zai kama ki? Baba yana ta gyaɗa mini kai, fuskarsa cike da alfahari.

Amma masarar Abdulgafar ce. Rabon Nana na ciki. Kuma tsohuwar nan, duk da bakinta, ita ta riƙe hannuna ranar da nake naƙuda.

"Hajiya, ban sani ba."

Baba ya yi tari. "Tawali'u ne, Hajiya. Haka take yi da farko."

"Baba, wallahi ban sani ba. Ranar farko malaminmu Dakta Mani ya ce duk wanda ya ce muku ya san farashin gobe, ku dafe aljihunku. Zanen nan bayani yake yi a kan yadda farashi ke samuwa, ba duba ba ne."

Baba ya kalli takardar, ya kalle ni. Na san majalisa yake tunani, da yadda zai koma cikinta.

"To shi ke nan," in ji Hajiya. "Magana ta ƙare. A shigo da jakar." Ta sauke Nana daga cinya ta ƙwala wa wata mata kira a kawo fura.

Na zauna kaina a ƙasa ina ƙirga zaren darduma don kada hawaye ya zubo. Ban san minti nawa aka yi ba. Da na ɗago, Nana ba ta wajen. Can na hango ta tsugune a ƙofar tsohon ɗakina, tana tura hannu ta ƙarƙashin ƙyaure tana kaiwa baki.

Duk wata kunya ta fita daga kaina. Ban san lokacin da na tsallake ƙafar Baba ba. Na cafke ta, na matse kumatunta, na zura yatsa na ƙwaƙulo abin da ke bakin. Ta cije ni, na ƙara zurawa. Bakinta fari fat da gari. A tafin hannuna ƙwayar masara uku, kowace da huda, ga wani ɗan baƙin ƙwaro yana tafiya a kansu hankalinsa kwance.

Na duba ƙasan ƙofar. Gari ne ya taru kamar an yi tankaɗe.

"Hajiya, a nan aka ajiye masarar?"

"Nan ne."

"Yaushe rabon da a buɗe?"

Ta kawar da kai. "Tun da aka jera. Ni ba na shiga ɗakin nan."

"A ba ni makulli."

Daga bakin zaninta ta kwance shi. Ina tura ƙofar wani zafi ya buso mini, da wari irin na tsohon gari. Ga buhuna har kusa da rufi, a daidai inda gadona yake a da. In ka yi shiru za ka ji su, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana yayyafi a kan kwano.

Baba ya leƙo ya ce, "Innalillahi." Sai ya juya ya ɗaga murya, "Direba! Kai direba!"

Mas'ud ya shigo da sallama, kansa a ƙasa, hular sanyi ta jiƙe da gumi. Yana jin warin ya manta da aikin da aka ba shi. Ya koma mota da gudu ya dawo da ɗan ƙarfen nan mai kama da bututu da 'yan hatsi ke soka wa buhu. Ya soka nan, ya zuba a hannu, ya hura, ya tauna, ya tofar. Ya hau sama ya soka can.

"Wa ya jera buhu jikin bango haka, ba katako a ƙasa? Ko magani ba a sa ba! Hajiya, na bakin ƙofa da na jikin bango sun tafi, sai dai a ba kaji. Na tsakiya da sauransu. In aka fitar yau aka shanya aka sheƙe, fiye da rabi zai shiga kasuwa. In aka ƙara wata ɗaya, ko kaji sai sun yi shawara."

Hajiya ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Malam Rabo, wannan direba naka ya san masara."

Baba ya ce, "Yana yawan ɗaukar ta ne."

Na dawo gaban Hajiya na durƙusa, Nana a kafaɗata, ban ma lura ban sauke ta ba.

"Hajiya, kin tambaye ni abin da ake koya mana. Ban san ko masara za ta tashi ba. Amma an koya mana cewa ajiya ma tana da tsadarta. Mai riƙewa gani yake bai kashe komai ba, alhali kullum wani abu na raguwa, don dai a rufe yake ba a gani. Kuma duk abin da mutum ya zaɓa, akwai wanda ya rasa saboda shi, sai an haɗa da wannan lissafi yake cika."

Ta ƙura mini ido ta saman tabarau. "Da masara kike, ko da ni?"

Nan ne ya kamata in yi shiru. Inna da tana wajen da ta mintsine ni. Amma ba ta nan.

"Hajiya, in na bar ta nan, wataƙila karatun ya fi mini sauƙi. Wataƙila in ci jarabawa da kyau. Amma ranar da zan dawo da takardar, Yaya za ta ce mini. Domin ita nake karatun nan. In babu ita, ban san abin da nake saya da shi ba." Na ɗago na dube ta. "Ɗiyata ce, Hajiya. Ina sonta. Ba zan iya ba."

Matar da ta kawo fura ta tsaya da ƙwarya a hannu, baki buɗe. Baba ya sami wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa yana dubawa. Mas'ud ya koma cikin ɗakin masara da baya da baya.

"Rashin kunyar ma cikin share fagen ake koyar da shi?" in ji Hajiya.

Na sunkuyar da kai.

Ta ja carbi sau biyu, uku. Da ta sake magana muryar ta sauka. "Ke kin iya lissafin abin da za ki rasa. Ni fa? In kun tafi, mi ya rage mani na Abdulgafar? Ɗakinshi ban iya shiga. Masarar da nake cewa tashi ce, ga ta nan ƙwari sun cinye."

Wannan kam ba a koya mana amsarsa ba. Na matsa na ɗora mata Nana a cinya. Yarinyar ta kama tabarau tana ja, Hajiya ta bar ta.

Can ta miƙo mini ita. "Ku tafi kafin rana ta yi sanyi. Direba ya turo mota gobe a kwashe masarar nan. Amma ki ji da kyau, yaye ni zan yi shi. Ba wanda ya isa ya hana ni."

Muka kama hanyar gida har muka wuce Dandume. Sai Baba ya ciro takardar ya miƙo mini ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ki maida cikin littafinki." Ya ɗan nisa. "Amma dai kin ga ƙwarin tun ba a buɗe ɗaki ba. Wannan ma ai gani ne."

Na san abin da zai kai majalisa ke nan.

Kwana tara na yi ina tsalle duk lokacin da wayar Inna ta yi ƙara. Damari shiru. Mas'ud ma shiru, ba fure, ba dawa, ba masara. Na ce to, ya gane ba na duba, ya kama gabansa. Na gaya wa kaina hakan ya fi. Sau goma sha a rana nake gaya wa kaina, duk lokacin da na duba wayar.

Ranar Asabar hutu ya ƙare. Da safe Baba ya raka mu tasha, Nana a bayana, jakar littattafai a hannu, Inna ta cika mini leda da kuka da daddawa da yaji. Muna isa na ga mutane sun taru a bayan motar da za mu shiga, direba yana rantse-rantse. An ɗaure tabarma, tukunya mai ƙafa uku, ƙaramin turmi, rabin buhun gero, da kaji biyu a kwando. A kujerar tsakiya, kusa da taga, wata doguwar tsohuwa ce zaune da tabarau a goshi.

Na leƙa ta taga. "Hajiya? Ina zuwa?"

"Makaranta."

"Wace makarantar?"

"Taku. Na ce maki ni zan yi yaye. Na ce maki a Damari zan yi shi?" Ta miƙo hannu. "Kawo ƙawata. Ke ki ji da almakashinki, ni in ji da ita. Ba a ƙara shiga da jikata aji."

"Hajiya, ɗaki ɗaya ne fa. Katifa ɗaya."

"Na zo da tabarma. Ke za ki kwanta a kai."

Na waiwayi Baba neman agaji. Ya riga ya kai bakin titi, yana sauri kamar an kira salla.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi duka biyun a cikin hijabi. Na shiga na zauna kusa da ita. Mu goma ne a motar, ban da kaji. Muka ɗauki hanya, Nana a cinyar Hajiya, na ba ta wayata don ta yi shiru, yadda na saba. Ku iyaye mata, ku ji shawarata, ku daina wannan ɗabi'ar.

Mun ɗan yi nisa na ji wayar ta yi ƙara alamar saƙo. Kafin in kai hannu, 'yar yatsar nan ta danna. Saƙon murya ne, kuma jiya na ƙure sautin ina sauraron karatu.

"Assalamu alaikum Maman Nana." Muryar Mas'ud ta cika motar. "Ki yi haƙuri da shiruna, masarar Hajiya nake ta fama da ita, an gama lafiya. Ni ma jiya na saida tawa duka, ko tiya ban bari ba. Gaskiyar magana, ni tun farko ba farashi ne ya dame ni ba. Shekara goma sha biyar ina kasuwa, na san ba wanda ya sani. In na ɗauki waya zan rubuta maki ne sai kaina ya ɗaure, in rasa abin faɗi, sai masara ta fito. To yanzu masara ta ƙare, tambaya ɗaya ta rage mani. In turo magabatana wajen Baba? Karatunki ba zan taɓa shi ba. Nana kuma inda kike nan take."

Saƙon ya ƙare. Direba ya rage rediyo. Wata mata a baya ta ce, "Allah sarki." Har kajin sun yi shiru.

Hajiya ta sauke tabarau daga goshi zuwa hanci, a hankali, ta juyo.

"Wannan ba muryar direban nan ba ce?"

"Hajiya, ai... wato..."

Ta zare wayar daga hannun Nana, ta goge yawun da gefen mayafinta. "Ina ake dannawa a yi magana?"

"Hajiya, don Allah bari in..."

"Mansura. Ina ake dannawa?"

Mutum tara suna kallona. Na nuna mata.

Ta ɗora babban yatsa ta danne, ta gyara zama, ta gyara murya, ta kawo wayar daf da baki.

"Kai direba," in ji ta.